Tanbihi a Kan Sihiri da Abin da Hukuma Ke Iya Kamawa Daga Gare Shi

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya keɓanta da sanin gaibu, Ya ɗora wa bayinSa hukunci da abin da ya bayyana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wagga takarda gargaɗi ce zuwa ga almajirai da gardawa, da fatake da 'yan kasuwa na Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukan da ke kewaye da su. Dalilin rubuta ta magana biyu ce da sunka yawaita ga bakin mutane. Jama'a ta farko suna cewa: tun da bokanci ya ƙi ƙarewa, hukuma ta karɓe shi kamar sauran sana'o'i, ta rubuta sunayen bokaye, ta yanka musu lasin, ta karɓi haraji, a san na ƙwarai a san na banza. Jama'a ta biyu suna cewa: a bar mu da su, duk wanda anka zarga da maita ko sammu a fito da shi fili a hukunta shi nan take. Duka biyun ɓata ne, kuma ga hujja.

Fasali na farko, asalin mas'ala

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Shi yi maka rahama, babu jayayya tsakaninmu a kan haramcin sihiri. An ambace shi cikin Suratul Baƙara tare da labarin Haruta da Maruta, kuma Annabi ya lissafa shi cikin zunubai bakwai masu halakarwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi inkarin bugun ƙasa da yanka ga itatuwa da duwatsu cikin littafinsa Nurul Albabi. Abin tambaya shi ne: me hannun sarki da alƙali ke iya kamawa daga cikin wanga al'amari?

Alƙali ba shi hukunci da mafarki, ba shi hukunci da jita-jita. Shaidu yake nema, ko iƙirarin da mutum ya yi ba da tilas ba. Ku kuma 'yan kasuwa kun san cinikin garari ɓatacce ne, kamar sayar da kifin da ke cikin gulbi ko tsuntsun da ke sama, domin ba a san ko za shi zo hannu ba. To, cikin sha'anin sihiri abu uku ne ke bayyana ga ido da kunne: dukiyar da anka karɓa, da cutar da ta sami jikin mutum, da zargin da baki ya furta. Waɗannan ukun su ne rabon hukuma. Abin da ya wuce su gaibu ne, kuma duk hukumar da ta shiga gaibu da hatiminta ko da bulalarta, zalunci za ta fito da shi.

Fasali na biyu, raddi ga masu neman lasin

Mu ƙaddara an bi maganarku. An buɗe ofis a Wurno, an sa malami da rijista da hatimi. Ga mai layar zana ya zo, ga mai baduhu, ga mai sagau, ga mai kurciya, ga mai maganin bindiga. Da me malamin nan za shi gane na ƙwarai? Direba ba a ba shi lasin sai ya tuƙa mota gaban mai gwaji. Mudun kasuwa, in anka yi shakkarsa, sai a gwada shi da wani mudu. To, mai maganin bindiga fa, wa za a tsayar a harba? In an ce bokan shi tsaya, za shi ce ranar ba ta dace ba. In an ce mai saye shi tsaya, an kashe rai domin cika takarda. Kuma duk sa'ad da magani ya ƙi ci, boka na da ƙofar fita: ka karya sharaɗi, ka ci abin da anka hana ka, abokin gabarka ya fi ka shiri. Hajar da kullum laifinta ke komawa ga mai saye, babu mai iya tsaron ingancinta.

Al'amarin ba shi wuce ɗayan biyu. In aikin boka ƙarya ne, lasin ya zama shaidar zur da hatimin gwamnati, kuma talakan da ke shakka jiya za shi sayar da akuyarsa yau, domin ya ga takarda rataye ga bango. In kuwa aikin yana ci kamar yadda kuke zato, abin ya fi muni, domin an halatta makamin da ba a gani. Mai kuɗi shi sayi kurciya shi kori maƙwabcinsa daga gonar fadama, shi sayi sagau shi daskarar da mai binsa bashi, kuma rasit na aljihunsa. Ina alƙalin da za shi amince da mai shaida bayan doka ta yarda ana iya sayen juya bakinsa?

An gwada irin wannan a wata ƙasar Turai da ake kira Romaniya. A farkon shekarar 2011 hukumarsu ta sa masu duba da masu tsafi cikin jerin sana'o'in da ke biyan haraji, kashi 16 cikin ɗari. Wasu daga cikinsu sunka mayar da martani da alwashin yi wa gwamnati sammu. Haraji na iya shiga baitulmali, amma ba shi mayar da duba gaskiya. A Tanzaniya kuwa, cikin gabashin Afirka, kasuwar tsafi ta kai ga ana kashe zabiya ana yanke gaɓoɓinsu domin haɗa maganin arziki, har gwamnati ta haramta aikin bokayen duba a shekarar 2015. Nan ne wagga kasuwa ke ƙarewa in anka sake mata linzami, domin mai sayar da abin ɓoye kullum sai ya nemi sharaɗi mai tsanani da za shi ƙara wa hajarsa tsada.

Kada wani shi ce muna yaƙi da mai maganin gargajiya, ko wanzami, ko maɗori, ko ungozoma. Saiwa da ganye da sassaƙe suna hawa ma'auni, ana iya sanin abin da ke cikinsu, ana iya ganin ƙashi ya ɗoru ko bai ɗoru ba. Don haka ne hukumar NAFDAC, wadda anka kafa a 1993, ke iya karɓar maganin gargajiya ta duba ko shina da guba kafin ta ba shi lamba. Wannan rijista ce mai tushe, kuma muna son a ƙara tsananta ta. Amma babu ɗakin gwajin da ke auna farin jini ko mallaka.

Fasali na uku, raddi ga masu farautar mayu

Ku kuwa masu cewa a bar ku da su, ku duba yadda zargin maita ke farawa. Yaro shina cikin zafin zazzaɓi, hankalinsa ya gushe, shina sambatu, sai shi ambaci sunan wata tsohuwa. Nan da nan gari ya taru, a jawo ta, a tilasta mata ta tsallaka shi domin ta saki kurwarsa. In ta ƙi, a ce taurin kan mayu ne. In ta yarda domin tsoron duka, a ce ta amsa laifi. In yaro ya tashi, a ce ta saki. In ya cika, a ce ta cinye. Wace shari'a ce wagga, da babu hanyar kuɓuta cikinta ga marar laifi?

Ku kuma duba wa ake zarga. Ba mu ji ana jan attajiri ko mai sarauta a ce shi tsallaka majinyaci ba. Tsohuwar da ba ta da ɗa namiji ake ja, da baƙon da ba shi da dangi, da matalauci. Kuma tabon ba shi tsayawa gare ta, sai ya bi 'ya'yanta da jikokinta, a ƙi auren gidansu, a ƙi cin tuwonsu. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, balle zaton da anka gina bisa sambatun mai zazzaɓi.

Ƙasarmu ƙasar fadama ce, ga gulbin Rima, ga ruwan dam na Goronyo, ga gonakin shinkafa, sauro ba shi yankewa. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai shina sa suma da fizge-fizge da sambatu. Sanƙarau ma haka, kuma annobarsa ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. Ciwo ne da ake tsere da shi zuwa asibiti cikin sa'o'i. Wunin da anka ɓata wajen dukan tsohuwa, daga ran yaron anka ɗebe shi.

Idan ka ce: ai malaman Malikiyya sun tsananta hukuncin mai sihiri har sun kai shi ga kisa. Jawabi: haka ne, amma a hannun wa sunka sa shi? A hannun shugaba da alƙali, bayan aikin ya tabbata ga mutum da shaida ko iƙirari, kuma ana tunkuɗe haddi da shubuha. Babu malamin da ya ba 'yan unguwa wuƙa. Kuma ba a karɓar shaidar boka a kan wani, domin wanda ya ce ya gano maye da duba ya riga ya yi da'awar sanin gaibu, shi ne farkon mai laifi. A gabashin Kamaru, tun wajen 1980, kotuna sunka riƙa ɗaure mutane a kan maita bisa shaidar bokaye. Sakamakon haka, boka ya sami kujera kusa da alƙali, kuma wanda ya nuna da yatsa ya shiga uku.

Fasali na huɗu, hanyar da magabata sunka bi

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna ribaɗin Wurno, ya rasu a nan a shekarar 1253 ta Hijira, wato 1837, bai tsaya ga hani kaɗai ba. Ya wallafa littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basur, domin ya san mai ciwo ba shi barin ƙofar boka sai ya ga wata ƙofa buɗe. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana tura jaji zuwa ƙauyuka ta karantar da mata, ilmi ya shiga ɗakunan da bori ke shiga.

A zamanin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, anka yi dokar Finalkod ta Jihar Arewa a 1959, ta fara aiki a 1960. Sashe na 216 na dokar ya haɗa mai nuna kansa maye ne da mai zargin wani da maita cikin laifi guda, da ɗaurin da ke iya kai shekara 2. Dokar ta kuma hana gwada mai laifi ta hanyar wahalar da jikinsa. Ingila ma, bayan ta daɗe tana rataye mutane a kan maita, ta sauya doka a 1735, ta bar hukunta wanda anka zarga, ta koma ga mai da'awar yana da ikon tsafi ko duba. Hanya ke nan: a kama mai karɓar kuɗi da alkawarin gaibu a kan zamba, a kama mai ba mutum abin da ya cuce shi a kan rauni ko kisa, a kama mai jifan maƙwabci da maita a kan ɓata suna da tada fitina.

Fasali na biyar, nasiha

Ya ku almajirai, addu'a da ruƙiyya da ayoyin Allah abu ne sananne, ba shi muke nufi ba. Amma ranar da gardi ya ce wa mutum kawo kaza in lamunce maka harsashi ba shi huda ka, ko in raba wance da mijinta, ya bar layin malamai ya shiga na bokaye, ko da allo ne a hannunsa. Ku tuna Kano cikin Disamba 1980. Mabiya Muhammadu Marwa Maitatsine, da yawansu samari ne masu neman karatu, sun fita da layu da guraye suna zaton makami ba shi kama su. An ƙidaya gawa fiye da 4,000, har da shi kansa.

Ya ku fatake, mun san tsoron da ke cikin zukata. Ba a manta Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018 ba, ba a manta kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021 ba, inda 'yan bindiga sunka kashe fiye da mutum 40. Allah Shi jiƙansu. Amma tsoron nan shi ne jarin mai sayar da kau-da-bara. Shina karɓar kuɗinka shi zauna gida, kai ka kama hanyar daji da ƙarfin zuciyar da ba ta da tushe, ka bi inda da can hankalinka za shi hana ka bi. Kuɗin laya ku sa su ga tafiya cikin ayari, da neman labarin hanya kafin fita, da taimakon marayun waɗanda anka kashe. Kuma ku nemi haƙƙinku na tsaro ga hukuma da baki ɗaya, domin shi ne aikin da anka ɗora mata.

Ya ku hakimai da masu unguwanni da limamai, in anka kawo muku wanda ake zargi, ku shigar da shi zaure ku tsare ransa, ku aika da majinyaci asibiti, ku tambayi mai zargi hujjarsa gaban alƙali. In anka kawo muku wanda ya ci dukiyar mutane da duba, ku sa shi mayar, ku miƙa shi ga shari'a.

Allah Shi tsare mu daga cin dukiyar mutane da ƙarya, da zubar da jini bisa zato. Shi ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci, Shi zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani.