MU ZAGA DUNIYA: Kralice, Ƙauyen Da Ya Ɓoye Maɗaba'a

A wannan wata za mu leƙa tsakiyar ƙasar Turai, zuwa wani ƙauye wanda ake kira Kralice. Masu garin suna faɗinsa kamar "Kiralitse". Yana cikin ƙasar Cek, wadda take maƙwabtaka da Jamus da Ostiriya da Folan. Dā ita da Silobakiya ƙasa ɗaya ce, amma sun rabu cikin lumana a 1993.

Ƙauyen yana cikin lardin Morabiya, kamar mil 20 yamma da babban birnin nan Brno. Kada mai karatu ya zaci Barno tamu ce, sunan ne kawai ya yi kama. Mutanensa wajen dubu ɗaya ne. Ƙasar tuddai ce da kurmi, ana noman alkama da sha'ir da dankalin Turawa, da hunturu kuwa dusar ƙanƙara takan rufe gonaki. Kogin Oslava yana wucewa kusa cikin kwari mai duwatsu, ya gangara har garin Ivančice inda ya haɗu da kogin Jihlava. Jirgin ƙasa yana tsayawa a ƙauyen. In ka ratsa ta nan a mota ba za ka ga abin da zai tsai da kai ba. Amma ka tambayi kowane ɗan makaranta a ƙasar Cek, ya san sunan Kralice, saboda Littafi Mai Tsarki da aka buga a wurin.

Ga yadda abin ya faro. A 1415 aka ƙone wani mai wa'azi, Yohanna Hus, a birnin Konstanz, don ya ƙi janye koyarwarsa. Bayan mutuwarsa ƙasar ta rikice da yaƙi. A 1457 waɗansu masu bi suka ware kansu a ƙauyen Kunvald, suna so su yi zaman 'yan'uwa bisa ga Wa'azin Yesu a kan Dutse. Aka riƙa kiransu Haɗin Kan 'Yan'uwa. Hukuma ba ta so su ba. A 1508 sarki ya kafa doka ya hana taronsu da littattafansu, a 1548 kuma aka kama bishop ɗinsu, Yohanna Augusta, ya yi shekara 16 a kurkuku. Sai dai a Morabiya hakimai suna da ƙarfi a ƙasarsu, wanda hakimi ya ba shi mafaka ba a cika taɓa shi ba.

Akwai Littafi Mai Tsarki da harshen Cek tun kafin wannan lokaci, an ma buga shi a birnin Prag a 1488. Amma daga Latin aka juya shi, wato juyi ne a kan juyi. Wani malaminsu mai suna Yohanna Blahoslav ya ga ya kamata a koma tushe. Ya juya Sabon Alkawari daga Helenanci, aka buga a Ivančice a 1564. Ya rasu a 1571, bai ga sauran aikin ba. 'Yan'uwa kuwa sun riga sun aika da samarinsu zuwa manyan makarantun Jamus su koyo Ibrananci da Helenanci, su ne suka ɗauki Tsohon Alkawari.

A 1578 aka ga Ivančice ta yi idon jama'a da yawa. Sai hakimi Yohanna na gidan Žerotín ya ba su ƙaramin gidansa mai ganuwa a Kralice, aka kwaso kayan ɗab'i aka kai can. Ku tuna babu lantarki, babu inji. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne, mai aiki yakan tsince su ɗaya ɗaya da hannu, ya jera su a juye, layi bayan layi, har shafi ya cika. A shafa tawada, a ɗora takarda, a murɗa matsi da ƙarfin damtse. In an gama, a warware haruffan a mai da kowanne gurbinsa, a fara wani shafi. Littattafan Musa biyar suka fito a 1579, Annabawa a 1587, Sabon Alkawari a 1593. Kundi shida ke nan cikin shekara 14, da bayani a gefen kowane shafi domin mai karatu a gida. Ba su rubuta sunan Kralice a kan littattafan ba, don kada a bi sawu.

Kundi shida ya fi ƙarfin talaka, ba ya kuwa ɗaukuwa. Saboda haka a 1596 suka buga duka cikin littafi guda, a 1613 suka sake fitar da shi da gyara. A ganina wannan ya fi na farkon muhimmanci, gama shi ne ya shiga ɗakin manomi. Banda wannan sun buga littattafan waƙoƙi da na makaranta.

A 1620 sojojin sarkin Habsburg suka ci yaƙin Farin Dutse kusa da Prag. Shekara ta gaba aka kashe shugabanni 27 a dandalin birnin. A 1627 da 1628 doka ta fito cewa addinin Katolika kaɗai aka yarda da shi a ƙasar. Maɗaba'ar ta bar Kralice, a ƙarshe ta sauka garin Leszno a Folan, inda malamin nan Komeniyas shi ma ya yi gudun hijira. Gidan ganuwar ya zama kango.

Littafin kuwa bai mutu ba. Iyalai suka ɓoye nasu, iyaye suna karanta wa yara a asirce, ana kuma buga sababbi a Jamus ana shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, har 1781 sa'ad da sarki Yusufu na Biyu ya sassauta dokar. A waɗannan shekaru Jamusanci ya mamaye ofisoshi da makarantun birni. Da masanan Cek suka tashi farfaɗo da harshensu, Cek ɗin Kralice suka ɗauka ma'auni, Katolika da Furotesta duka. Nan ne abin ya taɓa mu. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, bayan wahalar Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Yau a gidaje da dama yaro yana karanta Turanci sarai, amma a miƙa masa Zabura da Hausa sai ya yi ta inda-inda. Ba laifin makaranta kaɗai ba ne, gama a gida ake koyon wannan karatu, bayan tuwon dare.

Waɗansu zuriyar 'Yan'uwan daga Morabiya suka tsallaka zuwa Jamus a 1722, suka kafa Herrnhut. Daga can masu bishara suka tafi tsibirin St Thomas a 1732, wani kuma, Georg Schmidt, ya isa Afirka ta Kudu a 1737.

A Kralice kuwa ciyawa ta rufe kangon shekaru ɗari uku. A 1956 wata masaniya, Vlasta Fialová, ta fara tona wurin, ta tarar da dubban haruffan dalma a cikin ƙasa, waɗanda suka zube wa masu aikin. A 1969, zamanin mulkin kwaminis, aka buɗe gidan tarihi kusa da kangon. Haruffan suna nan a ciki, tare da irin matsin da aka yi aiki da shi. Kusa da shi akwai majami'ar Martin, wadda rubutun zamanin 'Yan'uwa yake jikin bangonta har yanzu.