Ɓeran Masar da Cikin Ƙuruciya

Maganarmu ta yau a kan ɓeran Masar ce, ko da ya ke ba abin da ya haɗa shi da Masar sai suna. Asalinsa duwatsun Amurka ta Kudu ne, wajen Peru da Bolibiya, inda aka daɗe ana kiwonsa domin nama, kamar yadda a ke yi a yammacin Kamaru. A ƙarni na 16 fatake suka kai shi Turai, ya zama abin wasan yara.

To, ga abin da kan faru a gidajen 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka. Uba ya sayo wa 'yarsa 'yar ƙaramar mace guda daga kanti. Bayan 'yan makonni sai a ga cikinta ya bazu, alhali kuwa ba namiji a kejin. Da cikinta aka sayo ta. Macen tana iya ɗaukar ciki tun tana da mako 4 ko 5, cikin kuwa kwana 59 zuwa 72 ya ke yi. A ganina laifin mai sayarwa ne, wanda ya tara maza da mata wuri ɗaya, ya bar wa mai saye wahala.

Amma kada hankali ya tashi. Sa'ad da haihuwa ta kusa, mahaɗin ƙashin ƙugunta ya kan buɗe domin 'ya'yan su wuce. Wadda ba ta taɓa haihuwa ba har ta wuce wata 6 ko 7, mahaɗin nan ya kan yi tauri, haihuwa ta gagara. Ta wannan fuska ƙaramar ta fi babbar sa'a. Wahalarta dabam ce: jikinta bai gama girma ba, ga kuma 'ya'ya suna cin rabonta. Saboda haka abinci shi ne gaba da kome.

Ɓeran Masar kamar mutum ya ke, jikinsa ba ya iya yin bitamin C, sai ya ci. A shekarar 1907 likitoci biyu a Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da irin waɗannan ɓeraye hatsi zalla, sai suka kamu da ciwon nan mai sa dasashi zubar jini, wanda a dā ya ke kashe matuƙan jiragen ruwa. Mai ciki kuwa bukatarta ta ninka. A ba ta tattasai ɗanye da ganye kullum, da busasshiyar ciyawa wadda ba ta yankewa. A ƙara mata alfalfa, watau barsim ɗin nan da mutanenmu na Sudan da Saudiyya suka sani, gama tana gina ƙashi. Ranar da ta ƙi cin abinci, musamman a mako biyun ƙarshe, kada a jira gobe, a kai ta wurin likitan dabbobi. Haka kuma in ta yi minti 20 tana naƙuda ba abin da ya fito. Kada wani ya ba ta fenisilin na gida, yana iya kashe ta. A nisanta ta da rana da zafi, a hana yara yawan ɗaukarta.

Inda na fi saɓawa da masu kiwo shi ne zancen namiji. Wanda ya ke da namiji a kejin ya kan ce tausayi ya hana shi raba su. Wannan tausayi cutarwa ne, domin macen tana iya sāke ɗaukar ciki a cikin 'yan sa'o'i bayan haihuwa, tana shayarwa da nono biyu tak. A fitar da shi tun kafin ranar, a ajiye kejinsa kusa inda za su riƙa jin juna.

'Ya'yan, galibi 2 zuwa 4, da gashinsu a ke haifarsu, ido buɗe, da haƙora, har su kan taɓa ciyawa tun a kwanakin farko. Da sun cika mako 3 a ware mazan, in ba haka ba su ne za su yi wa uwar da 'yan'uwansu mata ciki.