Tukunyar Nukiliyar Zariya: An Kawar da Haɗari, Saura Aiki

A ƙarshen shekarar 2018 wani jirgin sama ya tashi daga Nijeriya zuwa ƙasar Sin ɗauke da kayan da nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Kayan nan tataccen yuraniyam ne, wanda aka ciro daga tukunyar nukiliya ta Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Tun daga ranar, Nijeriya ta shiga sahun ƙasashen da ba su ajiye irin yuraniyam ɗin da ake haɗa bam da shi. Mutanen Arewa da neman abinci ya kai su Ikko da Badun da Fatakwal, ya kamata su san abin da aka yi a gida da kuma dalilinsa.

Yuraniyam ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, kashi 7 cikin 1,000 kaɗai ne nau'in da ke tsagewa ya ba da ƙarfi, wato wanda masana ke kira U-235. Tacewa ita ce ƙara yawan wannan nau'i. Ƙa'idar duniya ta ja layi a kan kashi 20 cikin 100: abin da ya gaza haka ana ɗaukarsa mara ƙarfi, abin da ya kai ko ya ɗara kuwa ana sa masa ido, domin yana iya zama kayan makamin ƙare-dangi. Tukunyar Zariya, wadda Sin ta ƙera aka kuma kunna ta a shekarar 2004, da yuraniyam mai kashi 90 ta fara aiki. A shekarar 2018 aka sauya mata da mai kashi 13, bisa haɗin gwiwar Nijeriya da Sin da Amurka da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Ghana ta riga Nijeriya da shekara guda, domin ta sauya tata tukunyar, mai ƙira iri ɗaya, a 2017.

Akwai masu ƙorafin cewa manyan ƙasashe sun yi wa Nijeriya wayo ne, sun karɓe mata abu mai daraja. Wannan magana ba ta da tushe. Da farko, kilo ɗaya ba ya yin bam. Ma'aunin da Hukumar ta Duniya ke aiki da shi kilo 25 ne na U-235. Na biyu, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya tun 1968, ta kuma shiga yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 wadda ta haramta irin waɗannan makamai a Afirka. Ashe ke nan abin da aka fitar ba shi da wani amfanin yaƙi ga ƙasa. Amfaninsa yana ga ɓarawo da ɗan ta'adda, waɗanda ke iya tsintar kaɗan a nan kaɗan a can, da yayyafi kuwa kogi kan cika. Duk wanda ya san irin tashin hankalin da Arewa ta sha ba ya bukatar dogon bayani a kan hikimar raba ta da wannan ajiya.

Abin lura kuma shi ne tukunyar ba ta rasa kome ba. Ƙarama ce, ƙarfinta wajen kilowat 30, ba a kuma gina ta don ba da wutar lantarki ba. Aikinta awo ne. Akan saka ɗan samfurin ƙasar gona ko dutsen ma'adini ko hatsi a cikinta, ƙwayoyin nutron su ratsa shi, sa'an nan a karanta hasken da yake fitarwa a gane sinadaran da ke ciki da yawan kowanne. Wannan aiki ya ci gaba da sabon makamashin, haka ma horar da ɗalibai.

Sai dai akwai hanzari ga manyan ƙasashe. Amurka ce ta fara shirin rage ƙarfin makamashin tukwanen bincike a shekarar 1978, amma har yanzu akwai tukwane a Amurka da Rasha masu aiki da tataccen yuraniyam. Wanda ya sa maƙwabci share ƙofar gidansa, wajibi ne ya share tasa.

A gida kuwa, nauyin ya koma kan Gwamnatin Tarayya da gwamnatocin jihohi. Kawar da haɗari rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a ba cibiyar isassun kuɗi da wutar lantarki da kayan gyara, a riƙe ƙwararrunta kada su watse zuwa ƙetare, a kuma bar hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya ta yi aikinta ba tare da katsalandan ba. Ma'aikatun gona da na ma'adinai su riƙa aika samfuransu Zariya. Ƙasar da gubar dalma ta kashe wa ɗaruruwan yara a Zamfara a shekarar 2010 tana da matuƙar bukatar wurin da za a auna mata abin da ke cikin ƙasarta da abincinta.