Riƙe Manhajar Riga-kafi Ɗaya ko Sauyawa Kullum: Wanne ne Ke Tsare Aikin Ɗalibi?

Akwai wata muhawara da takan taso a tsakanin ɗalibai duk lokacin da rubuta kundin digiri ya kawo jiki. Ana jin ta a shagunan buga takardu na unguwar Zariya da ke birnin Maraɗi, ana kuma jin ta a wajen masu gyaran kwamfuta. Tambayar ita ce: shin ya fi kyau mutum ya riƙe manhajar riga-kafi ɗaya ya zauna da ita, ko kuwa ya riƙa sauyawa duk sa'ad da ya ji labarin wata sabuwa? Masu ra'ayin farko sukan ce da tsohuwar zuma ake magani. Abokan jayayyarsu kuwa sai su ce sabo turken wawa ne. Matsayin wannan maƙala shi ne ɗalibi ya tsaya kan manhaja ɗaya, ya kula da sabunta ta, kada ya bar ta sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Sai dai ya sani cewa ko ya yi hakan, bai gama tsare aikinsa ba.

Ya kamata a fara da abin da ake tsarewa. Kwamfutar ɗalibin nazarin harshe ba ta cika ɗaukar sirrin banki ko na gwamnati ba, amma tana ɗauke da abin da kuɗi ba ya sayowa. A cikinta ne ake ajiye muryoyin dattawan Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, inda ake jin "tahi" a maimakon "tafi", da "hwari" a maimakon "fari". A cikinta ne ake ajiye hirarraki da manoman rani na Jiratawa, masu riƙe da sunayen kayan aiki da na tsirrai waɗanda matasan birni ba su sani ba. Wanda ya taɓa zama da manhajar ELAN ko Praat yana rubuta maganar da ya naɗa, ya san cewa minti ɗaya na magana yakan cinye masa mintuna masu yawa na aiki. Idan rubutun ya ɓace, ana iya sake shi da wahala. Idan muryar ce ta ɓace, wataƙila a koma garin a tarar dattijon ya riga mu gidan gaskiya. Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da dokar sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, darajar irin waɗannan bayanai ta ƙaru, domin da su ne za a rubuta ƙamusoshi da littattafan karatu.

Masu nazarin harshe sun fi kowa damar fahimtar yadda manhajar riga-kafi take aiki, domin aikinta ya yi kama da nasu. Hanyarta ta farko irin ta ƙamus ce: tana da jerin alamomin cututtukan kwamfuta da aka riga aka sani, duk fayil ɗin da ya shigo sai ta gwada shi da wannan jeri. Hanya ta biyu irin ta nahawu ce: tana lura da ɗabi'ar fayil, idan ta ga yana ƙoƙarin kwafar kansa ko kulle wasu fayiloli sai ta tsayar da shi, ko da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ƙamus na Bargery da aka buga a 1934 babban aiki ne da har yau ake cin gajiyarsa, amma wanda ya nemi "salula" ko "intanet" a cikinsa zai dawo hannu rabbana. Haka manhajar da ta yi wata shida ba a sabunta ta ba. Sunanta yana nan, tambarinta yana haske a kusurwar allo, amma cututtukan da aka ƙirƙira bayan sabuntawarta ta ƙarshe baƙin kalmomi ne a wurinta. Saboda haka tambayar farko da ta kamata a yi wa kowace kwamfuta ita ce: yaushe rabon da a sabunta manhajarta?

Daga nan ne raunin masu yawan sauyi yake bayyana. Na farko, da yawa daga cikin sauye-sauyen da ake yi na suna ne kawai. Kamfanin Avast ya sayi AVG a 2016. Kamfanin da ke da Norton ya sayi Avira, sannan a 2022 ya haɗe da Avast, aka sa wa sabon kamfanin suna Gen Digital. Ke nan ɗalibin da ya fusata da Avast ya koma AVG, daga can ya tsallaka Avira, bai fita daga gida ɗaya ba, ɗakuna kawai yake canzawa. Duk kanwar ja ce.

Na biyu, sauyin kansa yana da haɗari. Manhajar riga-kafi takan kafa saiwa a can cikin tsarin kwamfuta, shi ya sa manyan kamfanonin suke fitar da ƙananan manhajoji na musamman don cire nasu. Idan ba a tumɓuke tsohuwa da kyau ba aka ɗora sabuwa, sai su shiga kokawa kan fayil ɗaya, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokaci ma kowace ta ɗauki ƴar'uwarta a matsayin cuta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Bugu da ƙari, kowace sabuwar manhaja sai ta sauko da cikakken jerin alamominta daga intanet, wanda hakan ke cin data mai yawa. Ɗalibin da ke ƙirga kuɗin da zai saya wa layinsa na Airtel ko Moov ko Zamani yakan ɗora manhajar ya fasa sabuntawa, ya zauna da mai gadi marar sanda.

Na uku, kuma mafi muni, yawan sauyi yakan samo asali daga neman ta kyauta. Wa'adin gwaji na kwana 30 ya ƙare, sai a koma wata. Idan aka gaji da hakan, sai a nemi wadda aka fasa kwaɗonta a wani shafin da ba a san mai shi ba, ko a karɓa daga hannun aboki. Manhajojin da aka fasa suna daga cikin sanannun hanyoyin da masu kutse suke bi su cusa cuta, kuma wanda ya ɗora irinsu da hannunsa ya ba su izinin shiga ko'ina a kwamfutarsa. Ya ɗauki ɓarawo aikin gadi, ya kuma miƙa masa makulli.

Duk da haka, masu cewa sabo turken wawa ne suna da gaskiyarsu, kuma tarihi ya ba su hujja. A farkon 2020 aka bankaɗo cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajar suke ziyarta. Kamfanin ya rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5. Darasin a fili yake: banza ba ta kai zomo kasuwa. A shekarar 2024 ɗin dai, gwamnatin Amurka ta haramta sayar da manhajar Kaspersky ta ƙasar Rasha a cikin ƙasarta, ta kuma hana sabunta ta daga ƙarshen watan Satumba. Mutanen da suka shekara goma suna amfani da ita a can suka wayi gari siyasar duniya ta raba su da ita. Kuskuren aiki ma yakan faru. A watan Afrilu na 2010, wata sabuntawa ta McAfee ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin cuta, kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka daina aiki. A ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga rudani.

Waɗannan misalai suna nuna cewa kamfani ba ɗan'uwa ba ne, ba ya cancantar biyayyar rufe ido. Amma ba su nuna cewa yawan sauyi ne mafita ba, domin wanda ke sauyawa kowane wata biyu bai san ranar da zai faɗa kan wadda ke shirin yin kuskure ba. Abin da suke koyarwa shi ne a san dalilan da suka isa a rabu da manhaja. Idan kamfanin ya daina aiko da sabuntawa, a bar ta. Idan an tabbatar yana cinikin bayanan mutane, a bar ta. Idan ta yi wa kwamfuta nauyin da ba a iya aiki, ko kuwa cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, irin su AV-TEST da ke Jamus da AV-Comparatives da ke Ostiriya, suka yi ta nuna ta a baya, a bar ta. Tallar da ta faɗo a allo tana cewa an gano cututtuka ɗari a kwamfutarka ba dalili ba ce, sau da yawa ma ita ce cutar. Ga mafi yawan ɗalibai, manhajar Defender da ke zuwa a cikin Windows ta wadatar. Ba a biyan kuɗinta daban, tana sabuntuwa tare da Windows, kuma a shekarun baya-bayan nan tana samun sakamako mai kyau a waɗancan cibiyoyi.

Akwai kuma abin da muhawarar take mantawa da shi, wato ƙofar da cuta ta fi shigowa ta cikinta a wannan yanki. Ɗaya daga cikin cututtukan farko da suka yaɗu a kwamfutocin jama'a, wadda ake kira Brain, ta fito ne daga birnin Lahore na Pakistan a 1986, kuma ta faifan ajiya take bi daga hannu zuwa hannu. Kusan shekara arba'in bayan haka, hanyar ba ta canza ba a Maraɗi, faifan ne kawai ya koma kile. Ɗalibi ya kai kilensa shagon buga takardu, a soka ta a kwamfutar da ta karɓi kile hamsin a ranar, ya dawo gida ya tarar fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi. Galibi irin wannan cuta ɓoye fayiloli take yi, ba ta goge su, don haka gaggawar wanke kile ita ce ke jawo hasarar gaske. Manhajar Smadav ta ƙasar Indonesiya ta yi suna a nan saboda wannan matsala, amma masu ita da kansu sun gina ta ne a matsayin mataimakiya, ba a matsayin babbar mai gadi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ware kile ɗaya ta zuwa shago, a zuba mata kwafin abin da za a buga kaɗai, a kuma bincike ta kafin a buɗe.

Haka nan, riga-kafi ba ta gyara katangar da ta rushe. Cutar WannaCry, mai yin garkuwa da bayanai ta nemi kuɗin fansa, ta afka wa ƙasashe kimanin 150 a watan Mayu na 2017, alhali Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar da ta bi tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta Windows ɗinsu ba ne suka sha wahala. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairu, 2020, amma har yanzu ana cin karo da ita a tsofaffin kwamfutocin da ɗalibai ke saye a hannu. Mai irin wannan kwamfuta yana jayayya kan wane kwaɗo ya fi kyau ne, a gidan da ba shi da ƙyaure.

A ƙarshe, babu manhajar da ke hana ɓarawo ɗauke jaka a tasha, ko ta hana wutar lantarki ƙona na'ura sa'ad da ta dawo da ƙarfi, ko ta hana ƙurar hunturu da zafin bazara kashe ma'ajiyar kwamfuta. Maganin waɗannan duka ɗaya ne: kwafi. Ƙa'idar da masana ajiyar bayanai suka daɗe suna bayarwa ita ce kowane muhimmin fayil ya kasance a wuri uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a nesa da sauran. Muryar da aka naɗo daga Tibiri da safe ta cancanci a kwafe ta kafin a kwanta barci, a kuma bar ta asali a kan katin na'urar naɗi har sai an tabbatar kwafin yana buɗuwa.

Wannan nauyi bai kamata ya tsaya kan ɗalibi shi kaɗai ba. Sassan nazarin harshe suna karɓar kundi a ɗaure, su jera a kanta, amma muryoyin da aka gina kundin a kansu sukan tafi da mai su, su ƙare a kwamfutar da za a sayar ko ta mutu. Yana da kyau kowane sashe ya tanadi ma'ajiya ta musamman, ya kuma sharɗanta cewa ɗalibi ya miƙa muryoyinsa da rubutunsu, tare da shaidar amincewar waɗanda aka naɗa, kafin ya kare kundinsa. Malamin da ke duba aiki, kamar yadda yake tambayar babi na uku, ya riƙa tambayar inda kwafi na biyu yake. Idan aka yi haka, muhawarar shagunan Zariya za ta ci gaba kamar yadda aka saba, amma ranar da wata manhaja ta gaza, maganar dattawan Gobir da ta manoman Jiratawa tana nan a ajiye.