Kafin A Kulle Azuzuwa: Wane Littafi Za Mu Kai Gida?

Saura 'yan makonni a kammala jarrabawar zango na uku, a raba sakamako, a kulle azuzuwa, kowa ya kama hanyar gida domin dogon hutu. Kowace shekara a daidai wannan lokaci akan samu wani dattijo ya miƙe a taron reshe ya yi mana nasiha cewa malami ya riƙa karatu lokacin hutu, mu gyaɗa kai, a shafa fatiha a watse. Ba a taɓa tambayar abin da za a karanta ba. To, tambayar ke nan da muka zo da ita a wannan fitowa, kuma ba da lallashi muka zo ba, domin mun leƙa jakunkunanmu da wayoyinmu, mun ga abin da muke kira karatu, mun ji kunya.

Me ke cikin jakar? 'Yan ƙasidun nan ne da ake shimfiɗawa a bakin tasha: sirrin tara dukiya cikin wata guda, hanyar mallakar zukatan mutane, ganye ɗaya mai maganin cuta arba'in. Wanda ya ɗan fi mu son a ce ya waye, nasa da Turanci ne, da hoton wani mai kwat yana murmushi a bango, yana koya wa malamin firamare na ƙasar Gobir yadda zai zama attajiri idan ya sauya tunaninsa. Ba mu da faɗa da mai sayarwa, abincinsa yake nema. Faɗanmu da kanmu ne, mu da muka zauna shekara uku a kwalejin horon malamai aka koya mana tambayar hujja, sa'an nan muka dawo muna haɗiye duk abin da aka buga da tawada.

Abin da ke cikin waya ya fi wannan muni, kuma shi ne ainihin abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Tun da wannan masifa ta 'yan bindiga ta sauka a kan Sabon Birni da Isa, aka tashi garuruwa, dubban 'yan'uwanmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019, sai wani irin tarihi ya yaɗu ta WhatsApp. Murya ce kawai, ba suna, ba littafi, ba shekara. Wannan ya ce yaƙin 1804 ne ake ci gaba da yi. Wancan ya ce kabila kaza tun fil azal maciya amana ce. Yaranmu suna ji a tsakar gida, su kawo mana aji da safe. Yaron da aka kore shi daga garinsu, yake zaune a bayan aji ba takalmi, idan ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, gaskiya ne?" me za mu ce masa? Idan abin da muka sani bai wuce wannan muryar da shi ma ya ji ba, to wallahi allo da alli kawai muka fi shi.

Mun taɓa zama a wani ɗakin malamai, ba za mu ambaci makarantar ba, aka yi gardama a kan inda Alƙalawa take. Mutum biyu suka dage cewa a Nijar take. Kufan babban birnin Gobir, wanda yake nan cikin ƙaramar hukumarmu ta Sabon Birni! Kuma dukkanmu muna koyar da darasin zamantakewa, muna iya lissafa jihohi 36 da manyan biranensu ido rufe.

Saboda haka shawararmu a bana ɗaya ce, kuma mun san za ta ɓata wa wasu rai. A ajiye sirrin arziki. A ɗauki littafin da yake magana a kan ƙasar da muke takawa, wanda marubucinsa ya sa sunansa, ya faɗi inda ya samo maganarsa, har wani zai iya bin sawunsa ya kama shi idan ya yi ƙarya.

A fara da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812, akwai shi kuma da Hausa. Mun san abin da wani Bagobiri zai ce: ai littafin wanda ya ci yaƙi ne. Ƙwarai kuwa, shi ne. Bello ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa, kuma yana rubutu ne a matsayin mai kare jihadin mahaifinsa. Amma a duba wani abu da ya yi. A cikin wannan littafin nasa ya kwafe wasiƙun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno, mutumin da yake ƙalubalantar halaccin yaƙin nasu da hujjoji masu kaifi, sa'an nan ya ba da amsa. Ya bar abokin gardamarsa ya yi magana da bakinsa, mai karatu ya auna. Wace murya ce a wayarmu ta taɓa yin haka? Wannan shi ne ma'aunin da muke so kowa ya riƙe idan ya tsaya gaban mai littattafai: shin marubucin nan ya bar wanda ba su yarda da juna ba ya numfasa a cikin littafinsa?

Kusa da shi akwai Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, na 1813. Wanda yake zaton jama'ar Shehu bakinsu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ya karanta yadda ƙanen Shehu da kansa ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga jama'a, har ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas, sai a Kano aka tsayar da shi. Babu wani ɗan adawa na yau da ya soki masu mulki da zafin da ya soki mutanen ɓangarensa. Littafin The Sokoto Caliphate na Murray Last, wanda ya fito a 1967, shi ne zai ɗaure wa mai karatu waɗannan zare wuri guda. Baturen ya zauna a Sakkwato yana nazarin takardun gidan Waziri a gaban Waziri Junaidu, kuma an fassara aikin zuwa Hausa da sunan Daular Sakkwato, don haka uzurin Turanci ya faɗi. Shi kansa Waziri Junaidu ya bar mana Tarihin Fulani da Hausa mai daɗin karatu.

Me mutum zai tarar idan ya yi haƙuri da waɗannan? Zai tarar labarin ya fi ƙarfin kabila biyu. Zai tarar Gobirawa da kansu, a zamanin Sarki Babari, su suka ci Birnin Zamfara, kuma a kan ƙasar Zamfara aka gina Alƙalawa. Zai tarar Shehu Usmanu ya zauna da Bawa Jan Gwarzo a Magami, ya ƙi karɓar kyauta, ya nemi a sassauta wa talakawa haraji, a saki fursunoni, a bar shi ya yi wa'azi, Bawa kuma ya amince. Zai tarar a cikin manyan almajiran Shehu akwai Abdussalami na Gimbana, Ba'are ne ba Bafulatani ba, wanda harin da aka kai wa jama'arsa yana cikin abubuwan da suka hura wutar, kuma daga baya shi ɗin ya yi wa Bello tawaye a Kware. Zai tarar a Tabkin Kwatto a 1804 akwai Azbinawa da wasu Fulani a rundunar Yunfa. Zai tarar bayan Gawakuke a 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, ita kuwa Isa ta tashi a matsayin ribaɗin daular Sakkwato, shi ya sa har yau muke da Sarkin Gobir nan da can. Wanda ya san wannan ba zai iya tsayawa gaban yara ya raba duniya gida biyu ba, ko da yana so.

Akwai giɓi, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Muryar Gobir a rubuce ba ta kai ta Sakkwato yawa a kasuwa ba. Abdullahi Rafi Augi ya yi kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1984 a kan rawar da Gobir ta taka a tarihin kwarin Rima kafin 1808. Boubou Hama na Nijar ya fitar da littafi a kan tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, amma da Faransanci. Tawagar Tilho, wadda ta zo shata iyakar nan da ta raba mu da danginmu a farkon ƙarni na 20, tafintanta Landeroin ya rubuta labarin sarakunan Gobir daga bakin dattawa, shi ma da Faransanci. To, mu da muke da 'yan'uwa malamai a Tsibiri da Maraɗi da Madawa, waɗanda Faransanci ne harshen aikinsu, Hausa kuma harshen uwarsu, me ya hana mu nemi su karanta mana, mu ma mu karanta musu na Turanci? Goro da shanu sun san hanyar tsallaka iyakar nan, ashe littafi ne kaɗai zai ɓata?

Mun ji masu cewa tonon tarihi tonon rikici ne, a bar kaza cikin gashinta. Da a ce an bar ta ɗin, da mun yi shiru. Amma an riga an fige ta a kowace waya, masu figar kuwa ba su karanta ko shafi ɗaya ba. Shirun malami a irin wannan hali barin fili ne ga wanda ya fi kowa ƙarfin murya.

Mun kuma ji masu cewa, mutumin da bai san ko zai kwana a gidansa ba, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, gonarsa ta gagari zuwa, shi za a ce ya sayi littafi? Wannan magana tana da nauyi, domin mu ma cikinta muke, ba daga Abuja muke rubutu ba. Mun binne abokan aiki, mun koyar a azuzuwan da suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Amma a yi mana adalci a lissafa abin da kowannenmu yake zubawa a katin waya da data a wata guda, don ya saurari waɗannan muryoyin da suke hana shi barci. A kuma tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da namu biyu. A waɗancan makonni wayar ta zama fitila kawai. Wanda yake da littafi a akwati shi ne ya samu abin da zai buɗe.

Wanda tarihin ƙarni biyu ya yi masa nisa, yana son abin da ya shafi jiya da yau, ya nemi I Am a Bandit na Dakta Murtala Ahmed Rufa'i, malamin tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ya gabatar a 2021 bayan shekaru yana bincike a dazuzzukan Zamfara. Ɗan ƙarami ne, ana gama shi cikin kwana biyu. Ba lallai ne a yarda da duk abin da ya faɗa ba, mu ma akwai wuraren da muka ja da shi. Sai dai mutumin ya taka ƙafarsa ya je, ya zauna da waɗanda yake magana a kansu, ya bi asalin abin ta rikicin gona da burtali, da rashin adalci wajen shari'a, da kwararowar makamai, ya kuma sa sunansa a bango. Gani ya kori ji.

Tun da wannan mujalla tana shiga cikin gida, muna da magana da iyalanmu. Malama, da uwargida, da 'yan matan da suka gama sakandare suna zaune, ku nemi labarin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a lokacin da hanyoyi ba su fi na yau aminci ba. Jean Boyd ta rubuta tarihinta a The Caliph's Sister a 1989. Ga kuma labarin Baba ta Karo, tsohuwar da ta zayyana wa Mary Smith rayuwarta, aka buga a 1954, inda za a ji yadda mace Bahausa ta ga zamanin hare-hare da kamun bayi da zuwan Turawa da idonta. A karanta shi da ƙarfi bayan sallar isha'i, za a ga kaka ta gyara zama tana ƙara nata.

Saura batun samu. Ba ma cewa kowa ya sayi duka, wannan wauta ce. Mun iya adashe domin biki da suna, to a yi na littafi. Malamai goma a makaranta ko a unguwa su haɗa abin da ya sawwaƙa, duk wanda wata hidima za ta kai shi Sakkwato kafin a rufe makarantu a ba shi saƙo, ya leƙa shagunan littattafai da harabar jami'a, ya kuma tambaya a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. A samu akwatin ƙarfe mai kwaɗo saboda gara da ruwan damina, da littafin rajista guda: wa ya ɗauka, yaushe zai dawo da shi. Wanda ya riƙe littafi fiye da mako biyu a bi shi har gida, ko da shi ne shugaban makaranta.

Muna kuma roƙon shugabannin reshe su ware rabin sa'a a taron farko bayan dawowa hutu, kafin a shiga batun ƙarin girma da bashin alawus, kowace makaranta ta tsayar da mutum ɗaya ya faɗi littafin da suka karanta, da abu guda da ya samu a ciki wanda zai shiga da shi aji biyar ko aji shida. Makarantun da suke son shiga adashen su miƙa sunayen malamansu ga sakataren reshe kafin ranar raba sakamako.