Katin hoto na kwamfuta: a duba injin kafin a duba jiga

A wannan mako filin namu zai leƙa cikin kwamfuta, wadda mutanen buro suka fi sani da ordinater, domin mu duba wani ƙarfe da ake kira katin hoto, ko kuma kart garafik a bakin masu gyara. Shi ke zana abin da ido ke gani a kan allo, kuma a manyan na'urori sau da yawa ya fi kowane ƙarfe tsada. Alhazanmu na Maraɗi suna shigo da shi daga Kano, Kwatano da Dubai, ma'aikata suna sa hannu a takardun odarsa, alhali kaɗan ne ke iya rarrabe na ƙwarai da na jeka-na-yi-ka.

Kafin a yi ciniki, sai a san aikin da za a ba na'urar. Galibin ƙwaƙwalen kwamfuta na kamfanonin Intel da AMD suna zuwa da sashen zane a jikinsu, wanda ya wadatar ga rubuta wasiƙa, lissafi da kallon bidiyo. Saboda haka mai rubuta takardun haihuwa a ma'aikatar magajin garin Tibiri, ko mai riƙe da lissafin manoman rani a Jiratawa, ba su da bukatar kati na dabam, kuma duk takardar odar da ta saka musu shi ɓarnar dukiyar jama'a ce. Masu bukatarsa su ne masu haɗa bidiyon biki da wa'azi, masu zanen gine-gine, masu ɗakunan wasannin yara, da wasu ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Abin da mai shago ya fi ɗaga murya a kai shi ne jiga, wato girman ma'ajiyar katin. To amma ma'ajiya rumbu ce kawai, kuma girman rumbu ba ya sa sussuka ta yi sauri. Saurin aiki yana ga injin katin, da kuma faɗin hanyar da ke tsakaninsa da rumbun. Akwai GT 730 na kamfanin Nvidia mai jiga 4, akwai GTX 1650 na shekarar 2019 shi ma mai jiga 4, amma na biyun ya ninka na farkon aiki sau da dama. Wanda ya sayi GT 730 don haɗa bidiyo, saboda ya ji an ce jiga huɗu, ya sayi jaki da kuɗin doki.

Ko da suna ya zo ɗaya, a ƙara bincike. GT 1030 ya fito a 2017 da ma'ajiya irin GDDR5 mai kwasar kimanin jiga 48 a daƙiƙa. A 2018 aka fitar da wani mai wannan suna da ma'ajiyar DDR4, wadda ba ta kai jiga 17 ba. GTX 1060 na 2016 kashi biyu ne: mai jiga 6 yana da ƙananan injuna 1280, mai jiga 3 kuwa 1152. RTX 3060 na 2021 yana da jiga 12 a kan hanya mai faɗin bit 192, amma wanda ya biyo bayansa a 2022 jiga 8 gare shi a kan bit 128. A gefen AMD, katin da ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda aka yi wa kasuwar Sin a 2018, ƙarfinsa na RX 570 ne. Kwali iri ɗaya, kaya daban.

Sai batun wuta, wanda a ƙasarmu shi ne gaba da kome. Maraɗi na cikin yankin da ke shan kuran daga Najeriya, kuma kowa na tune da abin da aka gani daga watan Agusta na 2023, lokacin da aka katse layin, har zuwa Maris na 2024. GTX 1050 Ti da GTX 1650 suna cin wat 75, kuma yawancinsu ba su neman wata waya daga akwatin wutar na'ura. RTX 4060 na 2023 yana cin 115, RTX 3060 yana cin 170, RX 580 mai jiga 8 yana cin 185. Tsakanin RX 580 da RTX 4060 ke nan akwai wat 70, kuma ƙaramin cin ne ya fi sauri nesa ba kusa ba. In kati na aiki da cikakken ƙarfi awa 8 a yini, kwana 300 a shekara, wannan rata ta kai kilowat-awa 168, ko a faktir ɗin Nigelec, ko a man gurup, ko a batiran sola. Shi kuwa RTX 5090 na Janairun 2025, mai jiga 32, wat 575 yake sha, kuma ya fito a kan dalar Amurka 1,999, sama da miliyan guda na sefa kafin kuɗin duwan.

A kuma auna gidan da za a saka baƙon. Ƙananan na'urorin HP da Dell na hannu da suka cika burorinmu suna da akwatin wuta na wat 180 zuwa 240 a mafi yawan lokaci, ga ƙuncin ciki. Babban kati ba ya shiga, in ma ya shiga na'urar ta riƙa mutuwa a tsakiyar aiki. Duk wat ɗin da kati ya ci kuma zafi yake komawa, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke toshe fanka.

Kayan hannu na da nasu labarin. A ranar 15 ga Satumba 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, RX 570 da RX 580 a sahun gaba. Wasunsu lafiya lau suke, wasu fankarsu ta gaji. Akwai kuma na jabu: tsohon GTS 450 na 2010 da ake sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna ainihin injin da irin ma'ajiyar, har tana yi wa irin waɗannan tambarin jabu. A lura kuma, tun Oktoban 2025 Nvidia ta daina sabunta manhajar wasanni ta zuriyar GTX 10, sai gyaran tsaro kawai har 2028. Ɗan kasuwar da zai tara su a shago ya sa wannan a lissafi.

Shawararmu ga mai saye ita ce kada ya biya sai an kunna katin a gabansa, an buɗe GPU-Z, an ba shi aiki mai nauyi na rabin awa ana duban zafinsa, sannan a rubuta cikakken sunansa da kwanakin garanti a kan faktir. Mai ƙaramin ƙarfi da raunin wuta ya nemi GTX 1650. Mai haɗa bidiyo kullum ya dubi RTX 3060 mai jiga 12 ko RTX 4060. Ga ma'aikaci kuwa, rubuta "katin hoto jiga 4" kawai a takardar oda buɗe ƙofa ne ga mai kawo kaya ya kawo mafi araha a kuɗin mafi tsada. A rubuta suna, irin ma'ajiya da yawan wat, a kuma duba su ranar karɓar kaya kafin a sa hannu, domin kuɗin baitulmali amana ce.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.