Me za mu aje gaban baƙo?

Bara wani maƙwabcina ya yi baƙi daga Damagaram. Sai ya ruga kanti, ya ciyo bashin biskit da lemon kwalba. Baƙi suka kwana ɗaya suka tafi. Bashi kuwa ya zauna har kaka, sai da ya saida gero ya biya.

Ni dai a ganina wannan ba karamci ba ne, jin kunyar abin gida ne. To, kunyar me?

Ƴan uwa, mu nan Sassumbrum ƙasar gyaɗa ce da riɗi. In baƙo ya zo, a fara ba shi ruwa. Sannan a ɗauko faifai mai tsabta, a zuba soyayyar gyaɗa, da ƙuliƙuli, da kantun riɗi. In lokacin rake ne, a fere, a yanka guntu-guntu.

Abin da ya kamata a saya shi ne cuku. Makiyaya ke yin sa da madara, su shanya shi falle-falle har ya bushe ƙarau. Shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba, in dai ba a bar shi cikin laima ba. Biskit kuwa, ka buɗe yau, gobe yara sun gama da shi. Falle biyu na cuku, a kakkarya, a ɗora shayi, hira ta samu.

Amma a duba haƙoran baƙo. In tsoho ne, cuku zai ba shi wuya. Sai a daka masa, a dama cikin fura.